Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse: Basaraken Da Turawa Suka Tuɓe, Suka Kuma Mayar

Cikin sarakunan Daular Usmaniyya da suka ga zuwan Turawa, kaɗan ne suka rasa gadon sarauta a bakin bindiga sannan suka sake hawansa. Ibrahim Nagwamatse na Kontagora yana cikin waɗannan kaɗan ɗin.

Jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne shi. Mahaifinsa, Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, kuma shi ya kafa garin Kontagora da sarautar Sarkin Sudan. Da Umaru ya rasu a 1876, ɗansa Modibbo ya gaje shi, sannan Ibrahim ya hau gado a 1880.

Ƙarfin mulkinsa ya ginu ne a kan dawaki da yaƙi. Shekara ashirin rundunarsa tana kai farmaki ƙasashen Gwari da Kambari, tana kwaso bayi. Masarautar ta bunƙasa, amma garuruwa da dama sun zama kufai, abin da jikokin mutanen wuraren ba su manta ba.

A farkon 1901 sojojin Gwamna Lugard suka ci Kontagora. Ibrahim ya fice da jama'arsa zuwa ƙasar Zazzau, inda hare-harensa suka sa Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi agajin Turawa. Aka kama shi a 1902, aka kai shi Lakwaja. Sai dai tsarin Lugard na mulki ta hannun sarakuna yana bukatar basaraken da jama'a ke jin maganarsa, kuma kwarjinin gidan Shehu ba abin yarwa ba ne. Saboda haka a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila, aka mayar da shi gadonsa, amma an rage masa ƙasa.

Daga nan sarautar ta sake kama. An haramta kamun bayi, haraji ya maye gurbin ganima, Razdan kuma yana sa ido a kan fada. A haka Ibrahim ya ƙara shekara 26 yana mulki, har Allah ya yi masa rasuwa a 1929. Umaru Maidubu ya gaje shi, kuma har yau zuriyar Nagwamatse ce ke riƙe da sarautar Sarkin Sudan a Jihar Neja.