Jean-Pierre Melville: Daraktan da ya gina finafinansa a kan shiru

An haifi Jean-Pierre Grumbach a birnin Paris na Faransa ranar 20 ga Oktoba, 1917, a gidan Yahudawa 'yan asalin yankin Alsace. Sunan Melville da duniya ta san shi da shi a Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke shi, lokacin da ya shiga sahun masu gwagwarmaya da mamayar Jamus. Ya aro shi ne daga Herman Melville, marubucin Amurka da yake ƙauna. Yayansa Jacques ya rasa ransa a 1942 a tsaunukan Pyrenees, yana ƙoƙarin tsallakawa Sifaniya.

Zamani ne da suɓutar baki ke kai mutum kushewa, kuma da alama wannan darasin bai taɓa barin Melville ba. Bayan yaƙi ya shirya dogon fim ɗinsa na farko, Le Silence de la mer, wanda ya fito a 1949, daga baya ya kafa ɗakin shirya finafinai nasa na kansa a titin Jenner.

Le Samouraï na 1967 ne ya fi ɗaukaka sunansa. Alain Delon ya fito a matsayin Jef Costello, makashin haya da ke zaune shi kaɗai, ba abokin hira sai tsuntsu a keji. Mintunan farko na fim ɗin ba wanda ya ce uffan; mai kallo mai gajen haƙuri zai iya tashi, amma zai yi asara. Wata mai kiɗan fiyano ta ga fuskar Costello bayan ya yi kisa, sai ta ƙi tona masa asiri a gaban 'yan sanda. Da aka ba shi aikin kashe ta, ya je ya nuna mata bindiga, 'yan sanda suka harbe shi. Sai daga baya aka gano babu harsashi a cikinta. Melville bai sa shi ya furta nadama ko sau ɗaya ba.

Ana cikin aikin fim ɗin gobara ta cinye ɗakin nasa na titin Jenner. Duk da haka ya fitar da L'Armée des ombres a 1969, kan gwagwarmayar da ya shaida da idonsa.

Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1973, yana cin abinci a wani gidan abinci a Paris, yana da shekara 55. Ana ganin sawunsa a The Killer na John Woo da Ghost Dog na Jim Jarmusch.