Tunawa da Janar Seyni Kountche, sojan Fandou da ya riƙe Nijar shekara 13

Duk ran 10 ga watan Nuwamba, in an zauna hira a fada ko bakin masallaci, sai an sami dattijon da ya ambaci Janar Seyni Kountche, don a ranar ce ya rasu a 1987. Mu da yawancinmu ba mu ga mulkinsa da idonmu ba, a bakin iyaye muka tashi muna jin sunansa. Wani ya faɗe shi da kewa, wani kuma har yau sai ya rage murya.

An haife shi a 1931 a Fandou, ƙasar Filinge, cikin gidan sarautar Zarmakoy na Tondikandia. Tun yana yaro aka sa shi makarantar ƴaƴan soja a Kati ta ƙasar Mali, daga nan ya wuce Saint-Louis ta Senegal. Bai kai shekara 20 ba ya sa kakin sojan Faransa. Ya yi yaƙin Indocin, ya yi na Aljeriya, kamar sauran samarinmu da Nasara ya kwasa zuwa yaƙoƙin da ba nasu ba. Daga baya ya yi makarantar hafsoshi a Fréjus. Da aka sami ƴancin kai ya dawo cikin sojan Nijar a 1961, ya yi ta hawa a hankali har ya zama babban hafsan sojoji a 1973.

Shekarar ke nan fari ya kai maƙura. Dabbobi sun ƙare, mutane sun bar garuruwansu sun taru a bakin birane, ga kuma maganar da ta cika gari cewa hatsin agaji yana ɓacewa a hannun manya. A daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Diori Hamani. Uwargidansa Hajiya Aissa ta rasa ranta a wannan dare, shi kuma Diori aka kai shi Damagaram aka tsare har 1980. Kountche, yana da muƙamin laftanar-kanal, ya zama shugaban majalisar ƙoli ta soja, CMS. Aikin farko da aka ba sojoji shi ne kai hatsi ƙauyuka da motocinsu. A cikin shekarar kuma ya nemi sojojin Faransa su bar ƙasar.

Sa'a ta zo masa daga Arlit. Kuɗin ƙarfen uranium ya tashi, ma'adanar Akouta ta fara aiki a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tahoua zuwa Arlit, aka gina makarantu da asibitoci, Yamai ta sake kama. To amma abin da ya fi zama a zukatan mutane ba gine-gine ba ne. Tsoffin ma'aikata na ba da labarin yadda yakan faɗo buro da sassafe ba sanarwa, ya duba wa ya zo, wa ya makara. Wanda ya taɓa kuɗin gwamnati kuwa ya san inda zai kwana.

Mu nan ƙasar Hausa akwai abubuwan zamaninsa da muke rayuwa da su har yanzu, ko ba mu lura ba. Gasar kokowa ta ƙasa a Tahoua aka fara ta a 1975, Kantu na Maradi ya lashe. Bikin matasa na ƙasa a Damagaram aka buɗe shi a 1976. Shi ya farfaɗo da samariya ya sa ta aikin gayya, ko da yake ita ma ta zama ido da kunnen gwamnati a unguwanni. A 1984 a Maradi aka yi babban taron yaƙi da hamada. Shekarar nan dai ita ce ta yunwar da mutanenmu suka raɗa wa El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ga farashin uranium ya riga ya faɗi, baitulmali ya yi sanyi.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba, don akwai gidajen da har yau ba su manta ba. An rushe majalisar dokoki, an hana jam'iyyu, ƴan sandan ciki sun sa maƙwabci yana tsoron maƙwabcinsa. Djibo Bakary da ya dawo gida daga gudun hijira an kama shi a 1975, bai fito ba sai 1984. Sani Souna Sido, mataimakin Kountche a CMS, an kama shi a 1975 ya mutu a tsare. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe waɗanda aka samu da hannu. Sai kuma Oktoban 1983, wanda ya fi kowa kusa da shi, Amadou Oumarou Bonkano, ya gwada nasa juyin mulkin lokacin da shugaban yake Faransa, bai yi nasara ba ya tsere. A ganinmu, wanda ya yabi tsaftar hannun mutumin nan bai yi ƙarya ba, wanda kuma ya yi kukan danginsa shi ma bai yi ƙarya ba.

Ta fannin iyali, Hajiya Mintou ce matarsa, ita ce uwargidan shugaban ƙasa duk tsawon mulkinsa. Abin da dattawa suka fi nanatawa game da gidan shi ne bai mai da mulki gadon ƴaƴansa ba, kuma ba a san shi da tara dukiya ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya ɗan sassauta. Ya naɗa farar hula, Mamane Oumarou, firaminista a Janairun 1983, Hamid Algabid ya gaje shi a ƙarshen shekarar, sa'an nan aka yi ƙuri'ar raba gardama kan dokar Charte nationale a Yunin 1987. Lokacin ciwon ƙwaƙwalwa ya riga ya ci ƙarfinsa, yana ta zuwa Faransa magani. A wani asibitin Paris ya cika yana da shekara 56, Kanal Ali Saibou ya karɓi ragama. Babban filin wasa na Yamai da gada ta uku kan kogin Isa suna ɗauke da sunansa. Kabarinsa yana Fandou, inda aka haife shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan zamani.