Tarajan, Sarkin Rum, da Kuɗinsa na Azurfa

An haifi Tarajan a shekara ta 53 ta miladiyya, a garin Italika, cikin ƙasar Ispaniya ta yau. Ubansa babban soja ne. Shi ma tun yana saurayi ya shiga aikin soja. Sarkin Rum na lokacin, Nerba, ba shi da ɗa, sai ya ɗauki Tarajan ya mai da shi magajinsa. A shekara ta 98 Tarajan ya hau gadon sarauta.

A hayin kogin Danub akwai wata ƙasa mai suna Dasiya, inda Rumaniya take a yau. Ƙasa ce mai arzikin zinariya da azurfa. Sarkinta, Desebal, jarumi ne. Tarajan ya yaƙe shi sau biyu. Ya sa aka gina wa dakarunsa gada a kan kogin, tsawonta ya fi kilomita 1. A shekara ta 106 Rumawa suka ci ƙasar. Desebal ya gwammace mutuwa da a kama shi.

A zamanin nan babu rediyo, babu jarida. To, yaya talakawa za su ji labarin nasara? Sai Tarajan ya sa aka buga shi a kan kuɗi. Kuɗin ƴan ƙanana ne, na azurfa, nauyin kowane wajen giram 3. Sunansu denariyus. Daga nan Larabawa suka samo kalmar dinari. A fuska ɗaya akwai kan sarki da sunansa. A ɗaya fuskar, ga mutumin Dasiya zaune bisa tarin makamai, ya yi tagumi. Da kuɗin ake biyan sojoji, su kuma su kashe su a kasuwa. Haka labarin ya bi hannu hannu. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane hoton.

Tarajan ya rasu a shekara ta 117, a ƙasar Turkiyya ta yau. Har yanzu ana ganin kuɗinsa a gidajen tarihi. Amma ku tuna, wanda ya ci yaƙi shi ya buga kuɗin. Mutanen Dasiya da aka kwashe bayi, ba wanda ya tambaye su nasu labarin.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Tarajan?
2. Don me ya sa aka buga labarin yaƙi a kan kuɗi?
3. Wane hoto ke kan kuɗin ƙasarku?