Niels Stensen: Bishop Ɗin da Ya Gano Yadda Tsoka Take Aiki

An haifi Niels Stensen a 1638 a Kofanhegan ta ƙasar Danmak. Ɗan maƙerin zinariya ne, ya tashi cikin Ikilisiyar Lutheran, ya kuma karanci likitanci. A 1664 ya rubuta cewa zuciya tsoka ce kamar sauran tsokoki, ba murhun da ke ɗumama jiki ba.

Likitocin zamaninsa sun gāji wata tsohuwar koyarwa, wai wata iska ce ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin jijiyoyi, ta hura tsoka kamar salka. Kada mu yi musu dariya. Idan muka dubi damtsen masunci a Yelwa ko Wara yana jan filafili a tafkin Kainji, haka ido zai ce mana. Stensen ya feɗe, ya auna, ya zana. A littafin da ya buga a Filorans ta Italiya a 1667, ya nuna cewa tsoka tarin zaruruwa ce. Zaruruwan ne ke gajarcewa, sai tsokar ta yi kauri ba tare da an ƙara mata komai ba, ta ja ƙashi. Manyan masana da dama suka ƙi yarda.

Sai a 1954 aka ga abin da ke faruwa a ciki. Siraran zaruruwa iri biyu ne ke kama juna, suna shigewa tsakanin juna, da ƙarfin da jiki ke samu daga abinci da numfashi. Idan aiki ya yi tsanani, ƙarfin yakan ragu, ragowar sinadarai su taru, riƙon ya yi sanyi. Gajiya ke nan, shi ya sa hannun mai tuƙi kan yi rawa kafin ya kai gaɓa.

A 1667 ɗin Stensen ya koma Katolika, matakin da ba dukanmu ne za mu yi na'am da shi ba. Ya zama firist a 1675, bishop a 1677, aka tura shi arewacin Jamus inda Katolika ba su da yawa. Ya sayar da zobensa na bishop domin matalauta. Mutumin da ya san iyakar tsoka bai tausaya wa tasa ba: ga azumi mai tsanani, ga tafiye-tafiye cikin sanyi, har ya rame. Ya rasu a Shuwerin a 1686 yana da shekara 48, aka kai gawarsa Filorans aka binne.