Mária Telkes

Mária Telkes (12 ga Disamba 1900 – 2 ga Disamba 1995) masaniyar kimiyya ce 'yar asalin ƙasar Hangari wadda ta yi rayuwar aikinta a Amurka. An fi saninta da bincike kan sinadaran da ke iya riƙe zafin rana su sake shi daga baya, shi ya sa aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Rana.

Rayuwar farko da karatu

An haife ta a birnin Budapest. Ta yi karatu a Jami'ar Budapest, inda ta samu digirin digirgir a fannin ilimin sinadarai a shekarar 1924. Daga nan ta tafi Amurka, ta fara aiki a Cleveland Clinic a 1925 tare da likitan tiyata George Crile. A 1937 ta zama 'yar ƙasar Amurka, kuma a shekarar ta koma kamfanin Westinghouse, inda ta yi aiki kan na'urorin da ke mayar da zafi wutar lantarki.

Aiki a MIT

A 1939 ta shiga shirin binciken makamashin rana na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙera wata 'yar na'ura ta roba da ake hura wa iska, domin matuƙan jiragen sama da na ruwa da suka maƙale a teku. Rana ce ke dumama ruwan gishirin da ke ciki har ya yi tururi, tururin ya taru ya koma ruwan sha.

Gidan Dover

Tambayar da ta fi damun Telkes ita ce yadda za a adana zafin rana har dare, ko har ranakun da hadari ya rufe sama. Abokan aikinta sun fi karkata ga manyan tankunan ruwa. Ita kuwa ta zaɓi gishirin Glauber, wani sinadari mai araha da ke narkewa idan zafi ya kai digiri 32 a ma'aunin Selshiyos. Yayin narkewa yana shanye zafi mai yawa, idan kuma wuri ya yi sanyi sai ya sake daskarewa ya saki zafin da ya shanye. Don haka ɗan ƙaramin wuri ya ishe shi riƙe zafin da ruwa zai buƙaci babban tanki.

A 1948 aka gwada wannan dabara a wani gida da aka gina a garin Dover na jihar Massachusetts, yankin da hunturu ke da tsanani. Eleanor Raymond ce ta zana gidan, Amelia Peabody ta biya kuɗin ginin, wato mata uku ne suka jagoranci aikin. An jera gilasai a bangon da ke fuskantar kudu, da baƙin ƙarfe a bayansu. Fankoki na tura iskar da ta yi zafi zuwa gwangwanayen gishiri, kimanin tan 21, da aka ɓoye cikin bangaye.

Gidan ya yi hunturu biyu yana aiki, a na uku tsarin ya lalace. Yawan narkewa da daskarewa ya sa gishirin ya rabu, mai nauyi ya kwanta a ƙasa ruwa ya tsaya a sama, gwangwanayen kuma suka yi tsatsa suka fara yoyo. Dama akwai saɓani tsakaninta da shugaban shirin, Hoyt Hottel, wanda bai gamsu da gishirin ba, kuma a 1953 MIT ta sallame ta. Matsalar da aka gani ta gaske ce, sai dai ba ta rushe tunanin ba, domin har yau ana bincike kan irin waɗannan sinadarai da kuma yadda za a hana su rabuwa.

Sauran ayyuka

A 1953 ta koma Jami'ar New York. Da tallafin Gidauniyar Ford ta ƙera murhun girki mai amfani da hasken rana, wanda aka yi domin mutanen karkara a ƙasashe masu ƙarancin itace da man girki. Daga baya ta yi aiki a Jami'ar Delaware, inda ta ba da gudummawa wajen gina gidan gwaji mai suna Solar One a 1973. Gidan ya haɗa faifan samar da lantarki daga rana da gishirin adana zafi, abin da ta daɗe tana karewa.

Karramawa da rasuwa

A 1952 ta zama ta farko da Ƙungiyar Mata Injiniyoyi ta Amurka ta ba lambar yabonta. A 2012 aka sanya sunanta cikin jerin fitattun masu ƙirƙira na Amurka, kuma a ranar 12 ga Disamba 2022 Google ya tuna da ita a shafinsa na farko. Ta rasu a Budapest a 1995, saura kwana goma ta cika shekara 95.