Jacqueline Auriol: Surukar shugaban Faransa da ta zama matuƙiyar gwajin jiragen yaƙi

A watan Yulin 1949 wani ƙaramin jirgin sama, irin mai sauka kan ruwa, ya rikito cikin kogin Seine, yamma da birnin Paris. Cikin waɗanda aka tsamo da rai har da Jacqueline Auriol, mai shekaru 31, matar ɗan shugaban Faransa Vincent Auriol, wanda ya yi mulki daga 1947 zuwa 1954, zamanin da Nijar ke hannun Turawan mallaka. Ranar ba ita ke tuƙi ba, fasinja ce. Fuskarta ta ragargaje, sai da likitoci a Faransa da Amurka suka yi mata aiki sama da sau 20.

An haife ta a garin Challans a 1917, ɗiyar wani mai hali ce, kuma tarihin zane-zane ta karanta. Shekara ɗaya kacal kafin hatsarin ta samu takardar tuƙin jirgi. Da ta warke ba ta koma zaman fada ba, sai ta nufi Brétigny, kudu da Paris, inda cibiyar gwajin jiragen sama ta gwamnatin Faransa take.

Cibiyar ita ma sabuwa ce a lokacin. Mamayar Jamus ta durƙusar da masana'antun jiragen Faransa, har Ingila da Amurka suka yi mata nisa. Da yaƙi ya ƙare a 1945, gwamnati ta zaunar da cibiyar a Brétigny, aka kuma buɗe makarantar horas da matuƙan gwaji a 1946. Kamfanin da ya ƙera jirgi yana da nasa matuƙa, amma mai kaya ba ya kushe kayansa. Shi ya sa kafin sojan sama su karɓi sabon jirgi, sai matuƙan gwamnati sun tashi da shi, sun kai shi iyakar gudunsa da iyakar tsayin da zai hau, sun rage gudu da gangan har fikafikai su gaza ɗaukarsa, don a ga ko zai dawo hannu. Na'urori na auna komai, injiniyoyi na jira a ƙasa. Aibin da ya kuɓuce musu, matashin soja ne zai gamu da shi daga baya, ba tare da shiri ba.

Ba a musun cewa sunan surukinta ya buɗe mata ƙofofi. Sai dai jirgi bai san ɗiyar wa ko matar wa ke ciki ba. A watan Mayun 1951 ta tashi daga Istres, kusa da Marseille, cikin jirgin Vampire, ta yi zagayen kilomita 100 da gudun kilomita 818 a awa, ta ƙwace kambun mata na duniya daga hannun Ba'amurkiya Jacqueline Cochran. Daga nan takwarorin biyu suka shafe sama da shekaru goma, wannan ta karɓe, waccan ta ƙwato. Cochran ce mace ta farko da ta zarce saurin sauti, a watan Mayun 1953; Auriol ta biyo ta a watan Agusta cikin jirgin Mystère II. A 1955 ta samu takardar matuƙiyar gwaji, mace ta farko a Faransa. A watan Yunin 1963, tana da shekaru 45, ta kai kilomita 2,038 a awa da Mirage III, kafin Cochran ta sake wuce ta a 1964.

Jaridu wannan tsere suka fi bi, alhali yini kaɗan ne cikin shekarun da ta yi a cibiyar. Sauran kwanakin na maimaita gwaji ɗaya ne sau da yawa, da rubuta rahoto.

Aurenta da Paul Auriol, uban 'ya'yanta biyu maza, ya mutu a 1967, suka sake ɗaurawa bayan shekaru 20. Ta rasu a Paris ranar 11 ga Fabrairun 2000, tana da shekaru 82. An daina gwaji a Brétigny. Aikin ya koma Istres, inda makarantar take tun 1962, da Cazaux, kusa da Bordeaux, inda ake gwada makaman da jiragen ke ɗauka.