John Kemeny

John George Kemeny (31 ga Mayu, 1926 – 26 ga Disamba, 1992) masanin lissafi ne kuma malamin jami'a ɗan ƙasar Amurka, haifaffen Hungary. An fi saninsa da ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna BASIC tare da Thomas Kurtz, domin ɗaliban jami'a su koyi sarrafa kwamfuta da hannunsu.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Kemeny a birnin Budapest, iyayensa Yahudawa ne. A shekarar 1940 iyalinsu suka yi ƙaura zuwa New York saboda barazanar 'yan Nazi. Ya shiga Jami'ar Princeton a 1943. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin lissafi a Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Ya kammala digirin farko a 1947 da digirin digirgir a 1949, kuma yana ɗalibi ya zama mataimakin Albert Einstein a fannin lissafi.

Aiki a Dartmouth

A 1953 ya kama aiki a sashen lissafi na Kwalejin Dartmouth da ke jihar New Hampshire, ya kuma shugabanci sashen daga 1955 zuwa 1967. A wancan zamani kwamfuta ta ƙwararru ce kaɗai. Mai buƙatarta sai ya huda umarninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikata, ya jira sa'o'i kafin ya ga sakamako. Kuskure ɗaya kan mayar da shi farko.

Kemeny yana ganin cewa ɗaliban da za su riƙe ragamar al'umma gobe bai kamata su bar jami'a ba tare da sun san wannan na'ura ba. Shi da Kurtz suka tunkari matsalar ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce tsarin raba lokaci, wanda ke ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa a gaban na'urar buga rubutu tasa. Ta biyu ita ce BASIC, harshe mai umarni kaɗan masu sauƙin haddacewa, kamar PRINT da LET. Ɗaliban kwalejin ne suka rubuta kaso mai yawa na tsarin raba lokacin. An fara aiki da BASIC ranar 1 ga Mayu, 1964, kuma aka buɗe wa ɗalibai kwamfutar kyauta. Daga baya aka haɗa wasu makarantun sakandare da ita ta layin tarho.

Shugabanci da rasuwa

Kemeny ya shugabanci Dartmouth daga 1970 zuwa 1981, bai kuma daina shiga aji ba. A zamaninsa, cikin 1972, kwalejin ta fara ɗaukar mata karatun digiri. A 1979 Shugaba Jimmy Carter ya naɗa shi jagoran kwamitin binciken hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island. Ya rasu a New Hampshire yana da shekara 66.

Tasiri

BASIC ya bazu tare da ƙananan kwamfutoci a shekarun 1970 da 1980. Manhajar farko da kamfanin Microsoft ya sayar a 1975 wani samfurin BASIC ne.